Kurkunu a Ƙafar Bahago

Kwalejin Malamai,
kusa da Malumfashi.
Yuli, 1964.

Zuwa ga Yaya Salome,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kina lafiya, ke da Baba da Inna da ƙanena Mati. Yaya damina? Ina fata an gama maimai. Ni lafiyata lau, sai kewar tuwon Inna, don na makaranta in ka jefi kare da shi sai ya yi ihu.

Albishirinki! Ƙanen nan naki da kika sha dukansa don ya fasa miki tulu da ƙwallon tsumma, yau sunansa ne a bakin kowa. Mu da duk kwalejinmu ba ta kai rabin wasu ba, mun bi manyan ɗaya bayan ɗaya mun lallasa su a ƙwallon ƙafa. Saura wasa guda mu ɗauki Kofin Lardi. A Funtuwa za a buga, da 'yan Katsina masu ɗaga hanci. Kusan duk cin da muka yi ƙafata ta hagu ce ta yi shi, har yara na bi na a kasuwa suna kira na Bahago. Malam Abraham, mai koya mana wasa, bakinsa ba ya rufuwa, don Shugaban kwaleji ya yi masa alkawarin kwas a Ingila in kofin ya zo.

Sai dai ga wani ɗan tsautsayi. Kurkunu ya fito mini a idon sawun hagu, tsarabar kududdufinmu na Maska. Na kama kansa na naɗe a tsinke yadda Inna ta yi wa Baba, kullum da safe in jiƙa ƙafar in murɗa kaɗan. Kin san halinsa, ba a yi masa gaggawa, in ya tsinke a ciki sai abin da Allah ya yi. Kada ki gaya wa Inna.

Ki gai da mutanen gida duka.
Ƙanenki,
Enoch.

Agusta, 1964.

Yaya Salome,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na san labari ya riga ni zuwa. E, gaskiya ne, mun ci kofi. Amma bari ki ji abin da ba a faɗa a kasuwa.

Ana gobe wasa kurkunun bai fito ko rabi ba. Na je na sami Malam Abraham na ce ya sa wani a madadina. Ya dube ni kamar na zagi ubansa, ya ce wai tsutsa ce za ta hana kwaleji kofi? Ya kira Luke, kyaftin ɗinmu, ya ce su san yadda za su yi da ni kafin la'asar, ya juya ya tafi abinsa.

Yaya, a ɗakin kwananmu, da rana tsaka, mutum huɗu suka danne ni. Luke ya kama tsinken. Luke fa, wanda ubansa har yau jan ƙafa yake saboda wannan ciwo! Duk cikinsu babu ɗan birni, kowa ya san abin da yake yi. Na roƙe su da Allah, na haɗa su da iyayensu, suna dariya suna cewa Bahago ya zama mace. Ya yi ta murɗawa yana ja, ina jin abin har cinyata. Sai na ji ɗas. Can Luke ya ɗaga guntun ya ce ai ya fita duka, saura suka ce ƙwarai kuwa, duka ne.

Washegari suka ɗaure ƙafar da bandeji, suka ba ni asfirin, aka cusa ta cikin takalmi. Na buga, Yaya. Me zan yi? Jama'a sun cika fili har kan bishiyoyi suna kiran sunana, ni kuma ga zuciya. Na ci biyu, 'yan Katsina ɗaya. Waɗanda suka danne ni su ne suka ɗauke ni a kafaɗa, ina kuka, mutane na cewa dubi Bahago yana kukan murna.

Yanzu ƙafar ta kumbura har gwiwa, ga zazzaɓi. An mai da gadona bakin ƙofa, wai wari ya hana su barci. An ɗauki hoton 'yan wasa da kofi, ba wanda ya tashe ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban taɓa tsanar mutum irin yadda na tsani waɗannan ba, Allah ya gafarta mini.

Ku sa ni a addu'a.
Enoch.

Asibitin Mishan.
Satumba, 1964.

Yayata,

Ina gaishe ku, ina fata kuna lafiya, ina fata kuma gero ya yi kyau. Ki yi haƙuri da rubutuna, a kwance nake yi.

Sai da na suma a aji kafin aka kawo ni nan. Likita ya duba ya girgiza kai, ya tambayi wanda ya ja. Shugaba ya aiko a bincika, 'yan ɗakinmu suka haɗa baki suka ce ni na fizge da hannuna don ɗokin wasa. Aka rubuta haka, magana ta mutu. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, in ji mutane, amma waɗannan sun ci, sun share baki.

Jiya Malam Abraham ya zo. Da na hango shi da jaka, wauta ta sa na ɗauka kofin ya kawo in gani. Ashe riga mai lamba tara ya zo karɓa, da takalman, wai kayan kwaleji ne, kuma akwai wani yaro a aji ɗaya da shi ma bahago ne, ƙafarsa ɗaya da tawa. Ya tsaya nesa da gadon yana toshe hanci da hankici. Ya ce in yi haƙuri, ai kofin yana nan har abada, shi kuma wata mai zuwa zai hau jirgi. Ko zama bai yi ba.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Likita ya ce ruɓar ta kai ƙashi, gobe da safe za su yanke daga ƙasan gwiwa. Ki ce wa Baba kada ya jira ni girbi. Inna kuma ki zaunar da ita ki gaya mata tun a gida, da bakinki. Na san ta, tana shigowa za ta ɗaga bargo ta ce mu ga ƙafar.

Allah ya sada mu da alheri.
Ni ne ƙanenki,
Enoch.