Kwamfutar Ɗan Baba Sali

Briketeri, Yawunde

Zuwa ga Maman Lubna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Lubna da Inna. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake, sai ruwan garin nan da ba ya gajiya. Mu'azu direba zai kawo miki takardar nan tare da atamfa da takalman Lubna.

Ciniki a kasuwar Mokolo ya yi sanyi. Tunda rikicin can arewa ya tsallako iyaka, duk wanda ya ji Hausar Najeriya a bakina sai ya ƙara dubana. Ba a ce min komai, amma ina gani. In na tashi daga rumfa ba na tsayawa ko wajen masu tsire, ɗaki nake wucewa. Halin da kika sani bai bar ni ba. Tsofaffin kwamfutoci sun cinye rabin ɗakin, wayoyi har kan katifa. A nan ordinatar suke ce wa kwamfuta.

Kin tuna Baba Sali, telan da ƙofarsa ke kallon tawa, wanda tun zuwana matarsa Inna Hawwa ke zuba min abinci? Ɗansu Mamadu ne aka tare motarsu a hanyar garinsu bara, bai dawo ba. Shekaranjiya Baba ya shigo da kwamfutar yaron a naɗe cikin zane. Ya ce tun rasuwar ta ƙi tashi, kuma hotunansa da muryarsa duk suna ciki. Na buɗe ta, ƙura ce ta toshe fanka, ga wata waya da ta tsinke. Jiya ta kawo haske. Na ji Mamadu yana karatun Alƙur'ani, na ga wani bidiyo yana tsokanar mahaifiyarsa tana tuƙa tuwo. Ban faɗa musu ba tukuna. So nake in canza mata batir, in goge ta tas, in kai musu ranar Juma'a.

Ki shafa min kan Lubna.

Mijinki,
Misbahu

Briketeri, Yawunde

Maman Lubna,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Allah ya sa kuna lafiya. Kin tambaye ni a waya me ya sami muryata, na ce mura. Ba mura ba ce. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ana gobe Juma'a magana ta zagaye unguwa cewa jandarmomi za su rufe Briketeri su bi gida-gida. Kowa da abin da ya ji. A masallaci wani ya ce a unguwar Nkomkana an tafi da mutum saboda wa'azin da aka gani a wayarsa. Ban tambayi wane ne mutumin ba, ban tambayi wanda ya gani ba. Na koma ɗaki na dubi kaina: ɗan Najeriya, shi kaɗai, ga kwamfutoci jibge, ga ta Mamadu cike da littattafan Larabci da karatun malamai. Na tuna ke da Lubna.

Safinatu matata, ƙofar Baba Sali taku kaɗan ce daga tawa. Ina jin ƙarar keken ɗinkinsa. Da na miƙa masa kayansa, da shi ke nan. Da na cire diskin da komai ke ciki na ba Inna Hawwa ta jefa a cikin kwanukanta, da shi ke nan. Duk wannan sai daga baya ya zo min. Abin da na yi shi ne na goge komai kaf, na ɗora sabon tsari a kai don ta zama kamar ba a taɓa amfani da ita ba.

Jandarmomin sun zo da safe. Suka duba takardar zamana, suka ga daidai take. Ɗayansu ya leƙa ɗakin, ya yi dariya, ya tambaye ni da Faransanci ko ina gyaran waya, tasa ba ta caji. Ko kunna kwamfuta ɗaya ba su yi ba.

Bayan sallar Juma'a na kai wa Baba. A hanya na shirya ƙarya, in ce diskin ne ya mutu, ba mai iya ƙaryata ni. Da na ga ya share teburin ɗinkinsa ya shimfiɗa sabon ƙyalle don a ɗora ta, ƙaryar ta maƙale. Na faɗa masa yadda aka yi. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, "Ashe ta tashi." Na ce ta tashi. Ya ce, "Kai ka gan shi ke nan." Ya koma kan kekensa.

Da yamma Inna Hawwa ta ajiye min kwano a ƙofa kamar kullum. Na kasa buɗewa.

Ki yi min addu'a. Kada ki faɗa wa Inna.

Misbahu

Briketeri, Yawunde

Maman Lubna,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso ta hannun Mu'azu, yajin da kukar duka. Na gode da ba ki ce min "ba komai" ba.

Abin da ya fi ƙona ni ya faru bayan takardata ta baya. Mutane sun san kwamfutar tana wurina, suka tambayi Baba a ƙofar masallaci. Ina tsaye ina sa takalmi na ji ya ce musu, "Misbahu ya yi iya ƙoƙarinsa. Abin da Allah ya karɓa ya karɓa." Har wani ya dafa kafaɗata yana sa min albarka. Da ya zage ni a gabansu, da na fi samun barci. Inna Hawwa ma bai faɗa mata gaskiyar ba. Har yanzu ɗana take ce min.

Na koma na roƙi Baba ya sake ba ni kwamfutar. Wani mai gyara a unguwar Messa ya ba ni manhajar da ke tono abin da aka goge, ya ce kada in sa rai, tunda na rubuta sabo a kan tsoho. Ta tono abubuwa dubbai, ba suna, ba tsari, yawancinsu a lalace. Sai na buɗe kowanne da hannu. Wani hoton rabinsa toka, wani sautin ƙara ce kawai.

Makon jiya na sami guntun bidiyon tuwon nan. Fuskar ba ta fito ba, sai hannunsa da bakin tukunya, amma muryar tana nan. Yana cewa, "Inna, wannan tuwon ko soja sai ya nemi taimako," ita kuma tana korarsa da muciya. Daga nan ya yanke. Na kai musu. Inna Hawwa ta sa na maimaita har na daina lissafi, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Ta riƙe hannuna tana godiya. Baba yana zaune yana kallona, ni kuma ina kallon ƙasa. Da zan fita ya biyo ni tsakar gida, ya tambaye ni a hankali ko karatun ma zai dawo. Na ce ban sani ba. Ya ce to, in na gaji in bari.

Ga abin da nake so ki yi haƙuri da shi. Na yi miki alkawarin zuwa Sallah, ba zan samu zuwa ba. Ban kai ko rabin abin da aka tono ba, kuma ba zan iya barin kwamfutar a ɗaki in kulle in hau mota ba. In Lubna ta tambaya, ki ce mata Babanta ya ɓata kayan mutane ne, yana gyarawa. Gara ta ji haka daga bakinki.

Ki gaida Inna, ki ce ta riƙa shafa man nan safe da yamma. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki,
Misbahu