Na'urarku Ta Sa Mahaifiyata Ta Kira Sunan Mijinta

Zuwa ga Editan jaridar intanet da ta buga hira da tsohuwa mai ɗinkin hula a Madabo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni ne ɗan farin tsohuwar. Turare nake sayarwa a kasuwar Kurmi, na kuma taɓa boko daidai yadda ba za a karanta mini ƙarya in ce amin ba.

Na ɗaya. Wakilinka ya zo, aka shimfiɗa masa tabarma, Hajiya ta amsa masa a taƙaice kamar yadda ta saba. Da labarin ya fito, sai ga ta tana zuba kamar mai wa'azi. Na kira wakilin, ya ce ai ɗan abin da ya rubuta ya ba AI, na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira, ta faɗaɗa.

Na biyu. A faɗaɗawar ne ta sa Hajiya ta ambaci sunan marigayi mahaifinmu gatsal, har da nawa. Duk Madabo an san "Malam" take ce masa har ya koma ga Allah. Ni kuwa na yi furfura ban ji sunana a bakinta ba. Jikoki suka karanta wa matan maƙwabta labarin a waya, aka shiga cewa tsufa ya cire mata kunya. Tun ranar ba ta koma karatun matan unguwa ba.

Na uku. Kada ka ce ƙauyanci ne. Da na'urar nake rubuta wa abokan cinikina na Kwatano Faransanci, tana kuma yi. 'Yata da ke kwalejin horar da malamai da ita take tsara darasi, amma malaminsu ba ya karɓa sai ta bi layi-layi ta tace. Ɗaliba ta iya, edita ya kasa?

Buƙatata: ku sauke labarin, ku rubuta a fili cewa kalaman ba nata ba ne, wakilinka kuma ya zo ya durƙusa ya ba ta haƙuri kafin sunan jikanta ranar Juma'a, da dangi za su taru.

Af, ƙanwata tana gefe ta naɗi hirar duka a wayarta. Ban sake ta a intanet ba tukuna.

Allah ya ba ka ikon karanta abin da kake bugawa, ya raya maka iyaye da mutuncinsu.

Wassalam.

Ɗanladi Mai Turare, Madabo.