Wandon Buhun Fulawa

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya sanyin can? Ina Anti Rahila da yara?

Likita ya ce in riƙa iyo saboda ciwon baya. Na je wani otal a Narayi da wandona har gwiwa, suka ce sai matsattsen nan. Da wannan tumbin? Na juyo gida.

Sai na tuna wandunan buhun fulawa da Mama ta ɗinka mana, masu kumbura in mun faɗa rafin Romi. Na ba ta labari, ta yi dariya har da hawaye. Rabonta da haka tun tafiyarka. Ta ce kekenta na nan, ka zo ta auna ƙugunka.

A sa mu a addu'a. Gai da kowa.

Ƙaninka,
Ishaya