Zaren Ƙwaurin Abba

Gujranwala, 3 ga Maris

Zuwa ga Yayata Kausar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji biyar na tsaya.

Abba ya warware, in ji shi. Kin tuna yadda ciwon suga ya kwantar da shi bara, ko filin kokawa ba ya leƙawa? Likita ya auna jininsa ya ce sinadarin mazantakarsa ya yi ƙasa, ya rubuta masa allurar testostiron, ɗaya duk sati uku. Amma da sharaɗin a riƙa komawa gwajin jini, da na zuciya da ƙoda. Sau ɗaya muka koma. Da ya ji ƙarfi sai ya ce mutumin da bai taɓa kayar da kowa ba, ba zai koya masa jikinsa ba. Yanzu duk Juma'a wani mai kemis ke yi masa allurar.

Ya ɗauko zaren nan da yake auna ƙwaurinsa tun yana saurayi, in ya ƙaru ya ƙulla. Ƙulli biyu a wata guda. Baffa Gulzar, tsohon abokin karawarsa, ya tsokane shi wai tsoho ne da tururuwa ke bin fitsarinsa. Abba ya ce su haɗu a kokawar bikin girbi, sha uku ga Afrilu, a ga wanda za a kwasa a gadon igiya. Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ƙaninki,
Shamshad

24 ga Maris

Yaya Kausar,

Ina gaisuwa. Ya jikin ƙaramar 'yarki, tarin ya lafa?

Ina matsa wa Abba ƙafa kullum bayan la'asar, kamar yadda muka taso. Yanzu in na danna yatsa sai ya nutse kamar a kwaɓin fulawa, ramin ya tsaya har in ƙirga arba'in. Tun ina ƙarami nake shafa wa 'yan kokawa mai, naman ƙarfi ba haka yake ba. Ruwa ne. Fitsarinsa kumfa yake bari, ba ta bajewa. Barcin rana ma a zaune yake yi, wai kwanciya tana danne masa ƙirji.

Na faɗa masa. Ya kira ni likitan fanka, ya ce in koma gyaran fankokina, kuma in daina shafa shi kamar amarya, in matsa da kyau, ba ya jin hannuna. Yaya, da duk ƙarfina nake matsawa.

Ke kaɗai yake sunkuyar wa kai, don fuskar marigayiya Umma gare ki. Ki zo ki kai shi asibiti.

Ƙaninki,
Shamshad

9 ga Afrilu

Yayata,

Ina fata kuna lafiya. Shiru har yau, ko wasiƙun ba su isa ba?

Jiya aka gyara ƙasar filin kokawa, kin san babba ke fara sara. Sara uku Abba ya yi, ya dogara da fartanya, leɓensa ya yi duhu. Baffa Gulzar da bakinsa ba ya hutawa bai yi tsiya ba. Cewa ya yi tasa gwiwar ke ciwo, a bar kokawar sai baɗi. Abba ya gane tausayinsa ake ji. Ya rantse a gaban kowa sai ya shiga.

A gida ya ɗauko zaren. Duk tsawonsa bai kai ya zagaye ƙwaurin ba. Na ga ya danna yatsansa da kansa, ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya miƙo min zaren ya ce in yar. Na ce ko mu je asibiti? Ya ce bayan kokawa. Yau Juma'a, ga shi can yana naɗa rawani zai tafi kemis.

Ban yar ba, yana cikin ambulan ɗin nan. Ki zagaya shi a ƙugun ƙaramar 'yarki ki gani, sannan ki hau jirgin ƙasa. Saura kwana huɗu.

Ƙaninki mai jiranki a tasha,
Shamshad