Fiyano a Ɗakin Makoki

Zuwa ga ƙanwata Tokiko,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya ke da maigidanki da jikoki, kuma gwiwar nan taki ta daina yi miki tsiya da sanyin nan. Ni dai ina ci ina sha, kada ki sa ni a ranki.

Dusar ƙanƙara ta binne maƙabarta har kan duwatsun kaburbura, don haka marigayi mijina Shoji yana nan gida tare da ni sai ta narke. Akwatin ƙasusuwansa da muka tsince bayan ƙona gawa na falo, naɗe cikin farin ƙyalle, dab da fiyanon da Baba ya sa mini a kayan aure. Kullum da safe in kunna masa turare, in ajiye masa shinkafa da shayi.

Ga labari. Za a rufe makarantar firamaren ƙauyenmu a watan Maris, yara sun kusa ƙarewa. Makarantar da aka turo ni koyarwa ina budurwa, inda Shoji ke kawo tuffar gonarsu ya laɓe a taga yana sauraron kiɗana, wai yana jiran a sauke kaya. Ranar rufewa za a rera taken makaranta na ƙarshe, kuma ba mai kaɗawa, wai faifai za a sa. Faifai, Tokiko! Na je na sami shugabar makaranta na ce ni zan kaɗa. Ta kalli hannuwana, na ga ta kalla, sannan ta amsa.

Na dawo na kwashe 'yan tsana da kwalayen magani daga kan murfin fiyanona, na buɗe. Shekara arba'in da ɗoriya rabona da shi. Kin san zancen Shoji duk lokacin da na ce a kira mai gyara: "Bari a gama girbi." A gama girbi a shiga datse rassa, a gama datsa a shiga fure. Ba mugunta ba ce, tuffa ce ba ta da ranar hutu. Amma na ji haushi, kuma har yau ina ji.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayarki,
Sumie

Tokiko ƙanwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso, busasshen kifin ma ya iso, na gode. Shawarar da kika haɗo da shi kuwa, ta in bi a hankali, na mayar miki da abarki.

Abin ba daɗin ji, ba zan ɓoye miki ba. Almakashin datsa ya lanƙwasa mini yatsu biyu na hagu, in na aike su gabas sai su nufi yamma. Maɓallai uku na ƙasa sun mutu murus, sauran kuma kukan tsohuwar ƙofa suke. Karen maƙwabta ya taya ni kwana biyu, shi ma ya gaji. Ranar farko na kifa kai a kan murfin na yi kuka kamar yarinya, na share hawaye na sake farawa.

Shekaranjiya Yaya Genzo, wan Shoji, ya zo kunna wa ƙaninsa turare ya tarar da ni a kan fiyano. Ko hularsa bai gama cirewa ba ya fara. "Sumie, kanki ɗaya kuwa? Mutum ko rami bai shiga ba kina buga masa gangar biki a ka?" Na ce, "Yaya, shi dai bai yi ƙorafi ba." Ya ce matar da mijinta ke falo ba ta hawa dandamali gaban jama'a, kuma ba ta kulle shi shi kaɗai a gida ta tafi shagali. Wai me mutanen gari za su ce da gidansu na Kasai? Ya ƙara da cewa shi ne shugaban kwamitin taron, faifai za a sa, magana ta ƙare.

Na zuba masa shayi, na rusuna, na raka shi har ƙofa kamar yadda ake yi. Kafin ya tada motarsa na koma na danna da ƙarfi yadda zai ji.

Tokiko, na yi jinyar surukata har ta cika, na yi ta surukina, na yi ta Shoji. Na naɗe tuffa a takarda tun tana kan bishiya ɗaya bayan ɗaya har bayana ya sunkuya. Ban taɓa ce wa gidan nan a'a ba. Taken nan baiti uku ne kacal, kuma in aka rufe makarantar ba wanda zai ƙara rera shi har abada. Ba zan zauna a kujerar baya ina kallon akwatin faifai ba.

A shafa mini kan jikoki.

Taki,
Sumie

Ƙanwata abar ƙaunata,

Ina gaisuwa, ina kuma fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Zauna tukuna kafin ki karanta, na san halinki.

An yi taron jiya. Na yi ta juya maganar Yaya Genzo, sai na ga a wuri ɗaya yana da gaskiya: bai kamata in bar Shoji shi kaɗai a gida ba. Don haka na sa baƙin kimonona, rigar makoki, na rungumo akwatinsa a ƙirji, muka tafi tare. Ai shi ma ɗan makarantar ne.

Zauren ya cika da tsofaffin ɗalibai, wasu da sanda, wasu a keken guragu. Da na shigo sai hira ta ɗauke. Yaya Genzo na tsaye a gaban dandamali, ga akwatin faifansa an jona. Fuskarsa ta yi ja kamar tuffar kaka. Ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka kan farin ƙyallen. Kin san ba mai ɗaga murya a gaban mamaci, balle ƙaninsa. Dole ya haɗa hannu ya rusuna, ya kauce. Duk layin da na wuce sai sun rusuna, har na hau. Na san ba ni suke yi wa ba, amma ni na wuce.

Na ajiye Shoji a kan fiyanon makaranta, ta wajen tagar nan tasa.  Na yi kuskure tun a shimfiɗar kiɗan, na sake yi a baiti na biyu, hannun hagu ma ya tsere mini gaba ɗaya na ɗan lokaci, na ci gaba da dama kawai. Ban tsaya ba. Tsofaffi suna ja a hankali, ina jiran su, su ma suna jira na. A baiti na uku rabin zauren kuka yake, ba waƙa ba, sai muryata da fiyano da 'yan yaran da suka rage.

 Matar Yaya Genzo ta aiko da tuwon shinkafa mai jan wake ba tare da saƙo ba. Masu magana a gari suna yi, wasu sun ce na haukace, su ƙarata. Na riga na kira mai gyara, zai zo ran Talata ya duba nawa na gida, kuma ba zan sake ɗora ko allura a kan murfin nan ba.

Kan duwatsun maƙabarta sun fara leƙowa, wata mai zuwa za mu kai shi, ki shirya ki zo. Da muka dawo jiya na mayar da shi wurinsa, na kunna turare, na zauna a gabansa da kayana a jiki. Na so in yi masa faɗa, faɗan bai zo ba, kewarsa ce ta zo. Abin da na iya ce masa kawai shi ne, "Shoji, an gama girbi."

Ki huta lafiya, ki gaida maigida.

Yayarki mai ƙaunarki,
Sumie