Murfin Tankin Mai da Shirun Zakiyyu

Bwari, Abuja.

Zuwa ga Yaya Hammadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hussaina da yara, da kuma ruwan Fatakwal. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan ƙalau muke, ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma kai nono kasuwa.

Yaya, raina a ɓace na ɗauki biro. Na ji ka kira ɗanka Zakiyyu a waya ka ce masa rago, wai tsoron sama ne ya koro shi daga makarantar tuƙin jirgi. Ko tambayarsa ka yi? To ni na tambaya, kuma sai da na kwana uku ina lallashi kafin ya buɗe baki.

Ranar da abin ya faru, malaminsa, wani dattijo mai furfura, shi ya rufe tankin mai da ke kan fiffike. Zakiyyu ya ga murfin bai zauna ba. Ya gani da idonsa, amma ya yi gum, wai ba zai gyara wa sa'an ubansa aiki a gaban mutane ba. Suna tashi mai ya fara zuba, da ƙyar suka juyo suka sauka. Da aka zo bincike, malamin ya ce duba jirgi aikin ɗalibi ne. Aka tambayi yaron ko yana da ta cewa, ya sunkuyar da kai. Aka ɗora masa laifin, ya kwaso kayansa. Yanzu yana unguwar Apo a nan Abuja, yana aiki wajen kanikawa.

Wa ya koya masa wannan shirun? Ban manta ranar da ya ce maka saniyar da za ka saya ba ta da lafiya ba, ka mare shi a gaban baƙi. Saniyar ba ta yi wata ba ta mutu, kuma ba ka taɓa ce masa ya yi gaskiya ba.

Makarantar ta ba shi zuwa ƙarshen wata ya je ya yi bayanin abin da ya faru, in ba haka ba a soke sunansa. Na roƙe shi ya je, ya ce ai Baba ya riga ya yanke hukunci. Ka kira shi, Yaya, ka ce masa ka yi kuskure. Yana bukatar ya ji haka daga bakin babba ko sau ɗaya.

Inna tana gaishe ka, ka gaida Hussaina da ɗanka Ammar. Zakiyyu ma yana gaisuwa. Ya roƙe ni kada in faɗa maka komai, don kada ranka ya ɓaci.

Ƙanwarka,
Hindatu.