Musabaha da Tsumma

Litinin, 3 ga Maris

Yau na ji kunya a gidan wani lauya. Ƙaramin noti ne a ƙarƙashin wurin wanke hannu, na sa sifana na murɗa, na murɗa, ya ƙi motsi. Direban gidan ya karɓa, tashi ɗaya ya kwance shi. Direba fa! Ni da na shekara talatin da ɗaya ina gyaran famfo. Na ce masa ai ni na riga na sassauta shi. Tsatsa ce kawai.

Alhamis, 6 ga Maris

Ƙishirwa kamar na ci gishiri. Duk gidan da na shiga aiki sai na nemi izinin zagawa sau biyu, sau uku. Abin ƙyama, babban mutum da ni.

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ta zo da mijinta. Ni dai Tsumma nake kiransa a raina, tun ranar da ya fara miƙo mini hannu laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ni kuwa a musabaha nake gane namiji. Shekara huɗu ke nan, duk zuwansa sai na damƙi hannun nan har ya ciji leɓe, ko ya koyi gaisuwa. Bai koya ba. Wai ma'aikacin jinya.

Da za su tafi Auta ta same ni tana ta kame-kame. Wai mijinta ya ce an yi watanni hannuna ya daina yi masa zafi. Wai idan damƙar babban mutum ta yi rauni haka kawai, sau da yawa akwai ciwon suga ko na zuciya a ɓoye, in daure in je a duba ni. Ashe duk durƙuson nan da “Barka da hutawa, Baba”, awona yake yi! Tir. Na ce ta gaya masa tausayinsa nake ji.

Talata, 11 ga Maris

Ba tausayinsa nake ji ba. Ranar Lahadi da iya ƙarfina na matsa.

Juma'a, 14 ga Maris

Uwar yara ta kama ni ina ƙara wa bel huda. Ta ce, “Malam, haka fa Yaya ya fara.” Yayana take nufi, wanda suga ya ci masa ƙafa kafin ya tafi da shi gaba ɗaya. Ni na yi jinyarsa, har yau warin ɗakin nan bai bar hancina ba. Na daka mata tsawa. Abincin ma na kasa ci.

Laraba, 19 ga Maris

Na je asibitin, don a bar ni in huta. Ba na su Tsumma ba, wani daban na zaɓa can nesa. Aka miƙo mini wani ƙarfe mai lamba a ka, wai in matsa. Duk ya yi danƙo da gumin mutane, ko gogewa ba a yi ba. Wata tsohuwa da ke gabana, wadda iska ma za ta iya ɗauka, ta sami ashirin da biyar. Na zage damtse na matsa har idona ya yi duhu. Ashirin da uku.

Na ce ƙarfen ya lalace, ni na san ƙarfe. Likitar ta ce, “Baba, ba shi zai faɗi ciwon ba, nuni kawai yake yi. Jini ne zai faɗa.” Suka ɗebi jinin.

Juma'a, 21 ga Maris

Suga ne. Har da hawan jini, gyara.

Lahadi, 23 ga Maris

Shayi ba sukari, wannan ai ruwan wanke kofi ne. Ƙwayoyi safe da yamma, tafiyar ƙasa kullum kamar wanda aka kora daga gida. Tsumma kuma ya aiko Auta da ƙwallon roba, wai in riƙa matsawa. Launin ruwan hoda! Na jefa shi cikin akwatin kayan aiki.

Abin da ya fi ci mini rai, likitar ta ce ƙafafuna lafiya lau, an zo da wuri. Ta tambayi wa ya lura. Na ce ni.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ƙishirwar ta ragu. Ƙwallon nan yana da amfani in ana jiran mota, ba don komai ba.

Lahadi, 4 ga Mayu

Sun zo. Ya durƙusa ya miƙo hannu, na damƙa da duk abin da Allah Ya ba ni. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Ya yi zafi?” ba.

Ya sunkuyar da kai. “A'a, Baba. Amma ya fi na wancan zuwan.”

Da wani ne, da ya yi mini ƙarya ya huta. Hannun nasa dai yana nan laƙwas, ba abin da ya canza. Na daɗe ban sake shi ba, ban san dalili ba.

Na ce wa Auta su riƙa zuwa duk Lahadi, ita da mijinta. Saboda uwarta ne, tana yawan kewarta.